Randar Maman Rahila

Hadiza, wannan babin na tarihin rayuwata naki ne, ko da yake na san ɗan'uwanki Bashir ma zai karanta idan sanyin ƙasar da yake ya bar shi ya zauna. Ranar da kika shigo gidan nan kina huci, kika ce kin tsaya sayen doya a Gonin Gora kin ga aikin mahaifinki jere a bakin titi ana sayar da shi da sunan wata mata, ban ba ki amsa ba. Cewa na yi ki zauna ki sha ruwa. Kika ce ke lauya ce, ba za a ci haƙƙin ubanki kina numfashi ba. To, ba wanda ya ci haƙƙina. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe, don kada bayan raina ki je ki tono abin da ni da kaina na rufe.

Kun tashi kuna ji ana ce mini Farfesa, amma ban taɓa zaunar da ku na nuna muku abin da nake yi ba, ku ma kuma ba ku tambaya ba. A kan gawayi nake bincike. In an so a yi masa ado sai a ce kabon, amma asalinsa ɗaya da abin da ake hura wuta da shi, da baƙin da ke gindin tukunya. Abin da aka gano shi ne, idan aka sarrafa shi ya zama siriri ƙwarai, sirantar da silin gashi zai koma kamar gungumen itace a kusa da ita, sai halinsa ya sauya. Ya yi ƙarfin da ƙarfe ba shi da shi, ya ɗauki lantarki, ya kama dattin da ke cikin ruwa da iska ya ƙi saki. Ido ba ya ganin irin wannan sai da na'ura. Na ƙarar da ƙuruciyata da tsakiyar shekaruna ina kallon abin da ba zan iya kawowa gida in nuna wa kowa ba. Ranar da na yi wa Yaya Asabe wannan bayani, yayata da ke Tudun Wada, ta kalle ni ta ce:

"Yanzu Sani, duk jirgin saman nan da ka hau, gawayi ka je koyo? Da ka faɗa ai da na haɗa ka da Ɗanlami na bakin kasuwa. Shi ko fasfo ba ya nema."

Na zauna a Jamus, na zauna a Japan, na yi wasu shekaru ina kai da kawowa Masar. Harsunansu sun shiga bakina, wani sumul wani da gargada. Kowace ƙasa da yadda take kallon baƙin abu. Mutumin Japan zai jefa sandar gawayi cikin butar ruwan shansa, ya jefa wata cikin tukunyar shinkafa, bai ga komai a ciki ba sai tsabta. Tawadarsu ma da baƙin hayaƙi ake yin ta, a daskarar da ita kamar sabulu, a riƙa gogawa a kan dutse da ɗan ruwa. Ranar da na fara gani sai na tuna zauren mahaifina, inda muke haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Bajamushe kuwa ba ruwansa da launi, tambayarsa ɗaya ce: wa ya yi, kuma ina shaida? A wurinsu na koyi cewa a sana'armu dukiyar mutum sunansa. Ka yi bincike ka buga a mujalla, duk wanda ya ɗora nasa a kan naka dole ya ambace ka, ko yana ƙaunarka ko ba ya yi. Da yawan ambaton nan ake auna mu. Ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba, an ambace ni. Akwai batura da matatun ruwa da ake ƙerawa a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, waɗanda in an bi silsilarsu za a tarar da hannuna a ciki. A wani taro a Alƙahira wani saurayi Ba'indiye ya ji an kira sunana, ya miƙe tsaye ya ce ya ɗauka na daɗe da rasuwa, don tun yana ɗalibi yake ganin sunan a ƙasan takardu. Na yi dariya, amma daɗin ya shiga har ƙashina. Na faɗi wannan ne don ki san ba darajar suna ce ban sani ba.

Mahaifiyarku ce ta zaɓi unguwar nan ta Romi, ba ni ba. Ta sayi filin nan tun wurin yana gonakin masara, tana koyarwa a wata firamare ta kusa, ni ina can wata uwa duniya ina zuwa hutu kamar baƙo. A shekarun da garin nan ya tsage biyu, Musulmi suna haurawa arewacin kogi, Kirista suna gangarowa kudu, dangi suka taso ta gaba ta sayar da gidan ta ƙetare gada. Ta ƙi. Ta ce rabin 'ya'yan layin nan ita ta koya wa riƙon fensir, ba ta ga wanda zai ɗaga mata hannu a cikinsu ba. Kuma tana da Maman Rahila. Kin san ta, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, nas, mutuniyar wajen Kafanchan, shugabar zumuntar mata ta cocinsu. A kwanakin da aka fi jin tsoro, ita ce ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna a ƙofar gidanmu da zanen zumunta a jikinta, tana tsinkar alayyahu kamar ba abin da ke faruwa. Ran Kirsimeti kwanukan shinkafa da kaji sukan cika mana tebur har a rasa wurin ajiyewa, kowane da saƙon cewa Musulmi ne ya yanka. Da Babbar Sallah kuma mahaifiyarku ta bi gida gida da nama. Haka na dawo na tarar lokacin da na ajiye aiki, sai na ɗauka abin har da ni. Ita ta san ba haka ba ne. Takan leƙo ɗakin karatuna ta ce:

"Malam, ka fito ka zauna a ƙofar gida mutane su saba da fuskarka. Littafin nan ba zai zo maka jana'iza ba."

In ce mata to, bari in ƙare wannan shafin.

Ba mu daɗe tare ba bayan dawowata Allah ya karɓi abinsa. Sai da zaman makoki ya watse, kuka koma wuraren aikinku, na gane matsayina. A layin nan ni ba Farfesa ba ne, ba kuma Malam Sani ba. Mijin Malama ne. Gaisuwar da nake samu rarar tata ce. Na iya tsayawa gaban ɗaruruwan masana in yi magana da harshen da ba nawa ba, amma ban iya tsayuwa a bakin ƙofa in tambayi mace yaya mai jiki, yaya yaron da ya tafi bautar ƙasa ba. Na yi zaman kaɗaici a Jamus, inda maƙwabci zai shekara bai san sunanka ba, amma can kowa haka yake, shi ya sa ba ya ciwo. Nan kuwa hira ake ta kowace katanga, dariya tana tsallakowa har tsakar gidana, ni kaɗai ne ba na ciki. Sai na kama kaina ina yi wa butar shayi magana da Jamusanci. Ran Juma'a in ƙetare gada in yi salla, in biya wa Yaya Asabe ta ce in dawo cikin mutane, in ce mata to, in komo.

Da damina ta zauna a shekarar, sai rijiyoyin gangaren unguwa, ɓangaren da ke kallon Kudenda, suka fara wari. Ba zan ɗora wa kowa ba, don ban bi sawun abin har tushensa ba. Ruwan dai in an ɗebo sai ka ga maiƙo-maiƙo a samansa, kana sha kana jin warin kananzir. Masu hali suka koma sayen ruwan leda, marasa hali suka ci gaba da sha suna tofar da yawu. Maman Rahila ce ta faɗa mini ta kan katanga, tana shanya.

"Baban Hadiza, yaran gangare duk sun yi ƙuraje, ga ciwon ciki. Ni dai ban san abin da za mu yi ba."

Allah ya sani ban ji daɗin ciwon yaran ba, amma a ranar na ci abinci har na ƙara. Abin da na ƙarar da rayuwata a kansa ne ya zo har gida ya yi mini sallama.

Na san na'urorin da na bari a can ba za su zo Romi ba, kuma irin siraran kabon da muke yi a can ba abin zubawa a randar talaka ba ne. Amma ilimin ƙananan ramukan da ke kama datti yana kaina. Na nemo Emeka, mai walda a Kakuri, wanda ya yi mana ƙofar gida, na zana masa tanderu na duro. Ya juya zanen sama da ƙasa ya ce:

"Oga, wannan na gasa kifi ne ko na zuwa duniyar wata?"

Ya ƙera shi yadda na so. Na riƙa sayo ɓuntun shinkafa da ɓawon kwakwa a Sabon Tasha, ina ƙonawa a bayan gida ina tura masa tururi, har gawayin ya zama kamar soso, ramukansa ba sa ƙirguwa. Makonni hayaƙi yana tashi daga bayan gidan wani tsoho mai farin gemu, wanda matarsa ta rasu, wanda ba ya shiga mutane. Ni ban kalli abin ta nan ba. Na ɗora randa a kan randa, ta sama da tsakuwa da gawayi da yashi, ta ƙasa da ɗan famfo. Na kai ruwan da ya fito wurin wani tsohon ɗalibina ya auna, ya kira ni yana murna ya ce warin da maiƙon duk sun tafi, in an tafasa ko jaririnsa zai ba.

Sai na roƙi Maman Rahila ta tara mini matan zumunta a tsakar gidana wata Asabar da la'asar. Suka zo, saboda ita da kuma saboda marigayiya. Na shimfiɗa musu tabarmi. Na sa farar babbar rigata da hula, don haka na saba shiga in zan gabatar da aiki a gaban manya, ko a Tokyo haka nake yi. Na kuma yanke shawarar in haɗa sabuwar randa a kan idonsu tun daga tsakuwa, domin a tarbiyyar da na samu ba a ɓoye mataki ko ɗaya. Wanda ya nuna sakamako ya ɓoye hanya, ba a yarda da shi. Na zuba gawayi, na zuba yashi, na ɗauki bokitin ruwan gangare. Na ce bisimilla, kamar yadda nake cewa ko takalmi zan sa. Na tuttula.

Duk wanda ya san aikin nan ya san ruwan farko baƙi yake fitowa, domin garin gawayin sai ya wanke tukuna. Zubar da shi ake yi. Na buɗe famfo, sai na ga ban ajiye kofi kusa ba. Na miƙa hannu na ɗauko abin da ke rataye a bango, ƙwaryar mahaifiyarku ta damun fura. Baƙin ruwa ya tsiyayo cikin ƙwarya. Na ɗaga ta don kowa ya gani.

Wata mata da ake kira Maman Blessing, mai sayar da gwanjo, wadda 'ya'yanta suka fi kowa shan wahalar ruwan, ta miƙe ta dafe ƙirji.

"Jinin Yesu! Rubutu ne!"

"Ba rubutu ba ne, 'yata," na ce. "Gawayi ne kawai."

"To da me ake rubutun, Baba? Ba da gawayi ba? Ni a Zariya na girma. Na san allo, na san abin da ake wankewa a ba mutum ya sha."

Gaskiyarta kuwa. Ta fuskar ilimin da na karanta, baƙin da ke cikin ƙwaryar nan da wanda ake wankewa daga allo abu ɗaya ne, na ma taɓa faɗin haka a wata lacca aka yi mini tafi. Sai na tuna wani malamina a Japan da ya taɓa kurɓar ruwan gwajinsa a gaban baƙi don ya nuna musu ba shi da illa, suka miƙe suna sunkuya masa. Na kafa kai na shanye abin da ke cikin ƙwaryar.

Da na sauke ta, gemuna yana ɗigar baƙi a kan farar riga, rabin tabarmin ba kowa. Sauran suna neman takalmansu. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, ba da faɗa ba, da tausayi ma:

"Allah ya ji ƙan Malama. Ita ba ta taɓa yi mana haka ba."

Kafin a tashi daga coci washegari labari ya gama unguwa. Mijin Malama ya daɗe yana turare a bayan gida, yanzu yana so ya shayar da mutane rubutu. Wasu suka ce don su bar addininsu ne, wasu suka ce don ya mallake su su sayar masa da gidajensu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya jefi ƙofata. Gaisuwa ce ta gajarce. Ina kwana Baba, yaya ƙarfin jiki, yaya su Hadiza, duk ta koma ɗaga hannu daga nesa, daga baya hannun ma ya riƙa samun abin riƙewa. Gwaibar da ke leƙe ta katanga, wadda yara suka saba kakkaɓewa tun tana ɗanya, ta nuna ta zube ƙasa ta ruɓe. Da na ba Yaya Asabe labari ina neman wanda zai taya ni jin ciwo, dariya ta yi har da hawaye.

"Da rubutun gaske ka ba su ma da ya fi, ko ba komai ka ci sunanka. Ka tattaro ka dawo, Sani. Wadda ta riƙe ka a can ta tafi."

Ran Kirsimeti na share tebur tun da safe kamar yadda mahaifiyarku take yi, na wanke kwanukan juyewa na jera. Na zauna ina jin ganguna da waƙa daga coci, sannan ƙarar cokula daga kowane gida. Kwano ɗaya ne ya shigo, na Maman Rahila, ita ta kawo da kanta. A makon ne kika zo kika tarar na rame, kika ce in haɗa kaya, kin samo mini gida a Unguwar Rimi kusa da masallaci, ko in bi ki Abuja. Kin ɗauka rashin mahaifiyarku ne kawai. Randar dai kin gan ta a kicin, na ce miki aikina ce, amma ban gaya miki sauran ba don na san halinki. Na ce ki ba ni lokaci, kuma da gaske na yi tunanin tafiya. Amma in na tafi na tabbatar musu da zarginsu, na kuma rushe da hannuna abin da matata ta tsaya a kai da ranta. Yaran gangare kuma suna nan suna shan ruwansu.

Bayan kin tafi na yi wa Maman Rahila sallama ta katanga na ce ina son magana. Ta zagayo ta zauna a kujerar marigayiya, ba ta jira na fara ba.

"Baban Hadiza, kai ma dai! Farar riga, hula, bisimilla, ƙwarya, sannan ka shanye? Ko ni da na san ka sai da gabana ya faɗi."

"Ai na yi musu bayani."

"Bayani! Ka yi wa Turawa bayani sun gane don ba a taɓa ba kakarsu rubutu ba. Mutanen nan ba ruwanka suke ƙi ba. Hannunka suke tsoro."

"To in hannun ya zama naki fa?"

Ta ɗago ta dube ni, na ci gaba:

"Zan koya muku komai, ke da Emeka. Shi ya ƙona, ke ki haɗa. A fitar da tanderun daga gidana a kai bayan shagonsa. Ki kai musu ki ce su gwada. Sunana kada ya fito."

"Ni fa ba na ƙarya. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban mata ina cewa kada a yi shaidar zur, yanzu in ce ni na ƙirƙiro abin da ban ƙirƙiro ba?"

"Ban ce ki ce ke ce ba. Na ce kada ki ce ni ne."

"In aka tambaye ni fa?"

"In aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya."

"To ka sani, ranar da wani ya ce mini wa ya yi wannan, sunanka zan kira, ko da za su fasa randunan a kaina."

Na yarda. A zuciyata kuwa na ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Na ce ruwa zai yi daɗi, yara za su warke, wani zai tambaya, ta faɗa, a zo a cika mini tsakar gida ana ba ni haƙuri. Har na shirya kalmomin da zan yafe musu da su.

Ta koya da sauri, hannun nas ne. Ita ta ce a sauya siffar, a sa farin bokiti a sama maimakon randa, a ɗinke gawayin cikin farin ƙyalle. Ta fara da gidanta. Sannan ta tsaya gaban mata da fararen kayan aikinta ta ce musu a asibiti ma gawayi ake ba wanda ya sha guba. Gawayin nan dai, baƙin nan dai, amma daga hannunta ya zama magani. Kafin damina ta zagayo randar ta shiga gangare gida gida. Shayi ya koma ɗanɗanon shayi, iyaye suka rage zaryar kemis. Matan zumunta suna ɗinkin ƙyalle, Emeka yana ƙona gawayi, in ya ƙi yin kyau ya zo ta ƙofar baya da ɗan kaɗan a leda in duba masa. Abin ya ƙetara Kudenda, ya shiga Sabon Tasha, ya kai Gonin Gora inda kika gan shi. Ba wanda ya raɗa masa suna, shi ya tashi da abinsa: randar Maman Rahila.

Ni kuwa ina jira. Duk sanda muka haɗu a katanga sai in dube ta, ta girgiza kai. Wata rana ta gaji ta ce:

"Sun tambaye ni yaushe ake sauya ƙyallen. Sun tambaye ni ko mai ciki za ta iya sha. Wani ma ya tambaya ko tana tace burkutu. Amma wa ya yi, Baban Hadiza, ba wanda ya tambaya."

Na daɗe ina juya wannan magana. A Jamus ita ce tambayar farko, nan kuwa ko ta ƙarshe ba ta samu ba. Ban sani ba ko ba su gane ba ne, ko kuwa sun gane sarai, suka ga in sun tambaya dole su zaɓa tsakanin tsoronsu da ruwan 'ya'yansu, sai suka bar bakinsu a rufe. In na biyun ne, ba ni ne zan tilasta musu zaɓen ba. Ke ma ba ke ba ce.

Daga baya Maman Rahila ta ajiye aiki ta koma garinsu. Ranar da motar kaya ta zo, ta shigo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatuna, inda mahaifiyarku take tsayawa.

"Na riƙe maka amana har ta yi mini nauyi," ta ce. "Ka yafe mini sunan."

"Ya dace da randar," na ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Tun daga wannan rana, katangar nan ba ta sake magana ba. Sunana yana can yana yawo a mujallu, ɗaliban da ban taɓa gani ba suna aiko mini da gaisuwa ta waya daga ƙasashen da ban san yadda ake kiran garuruwansu ba. A layinmu kuwa har yau ni ne tsohon nan mai baƙin ruwa. To ki auna da kanki, Hadiza, tunda awo ne aikinki. In kika kai ƙara, ko kika kira 'yan jarida, sunana zai hau randar. Wasu za su ji kunya su zo su gaishe ni. Wasu kuwa, ko da kaɗan ne, za su fitar da ita waje su fasa, su mayar da 'ya'yansu rijiya. An ambace ni da harsuna da yawa, ban ga ambaton da ya kai wannan tsada ba.

Bara da rani na kwanta zazzaɓi, kin tuna, kafin ki samu isowa. Wata rana da hantsi na ji ana buga ƙofa. Na lallaɓa na buɗe. Maman Blessing ce, da randa a ka da farin bokiti a hannu. Rabonta da gidan nan tun ranar ƙwarya. Tawa randar tana cikin kicin inda ba mai gani, ita kuma ba ta wuce tsakar gida ba. Ta sauke kayanta a daidai inda na tsaya ran nan.

"Baba, an ce ba ka da lafiya. Kai kaɗai a gida, kana ta shan ruwan rijiya. Ga randar Maman Rahila na kawo maka, don Malama."

"Na gode, 'yata. Yaya ake yi da ita?"

Ta tsuguna ta nuna mini. Tsakuwa a ƙasa, ƙunshin gawayi, yashi a sama. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta miƙe tana kakkaɓe zanenta, idonta a kan randar, ba a kaina ba.

"Ruwan farko zai fito baƙi. Kada ka ji tsoro, gawayi ne kawai. Zubarwa ake yi." Ta juya za ta fita, sai ta ƙara: "Ba a sha, Baba."

"To," na ce. "Zan zubar."

Na zubar da shi a gindin gwaiba. Daga wannan randar na ɗebo miki ruwan da na ce ki zauna ki sha, ranar da kika dawo daga Gonin Gora kina huci. Kin shanye, kika miƙo kofin kika ce a ƙara.